Fida Mai Leda ko Fidar da Aka Saba: Yadda Za Ki Zaɓi Wadda Ta Dace da Ke da Jaririnki

Da rana tsaka kowace fida kyakkyawa ce. Sai ƙarfe uku na dare, jariri na tsala kuka, ke kuma kina tsaye ido ɗaya a rufe kina laluben kwano ko akwai wankakkiya, sannan za ki san irin wadda kika saya. Na yi amfani da iri biyun. 'Yata ta fari da fidar da aka saba ta tashi, ƙanenta kuma ya sha da mai leda, wato wadda ake zuba madara a cikin ledar da ake yarwa bayan kowane ci, har wata huɗu kafin na koma inda na fito. Abin da na gano shi ne, ledar aiki ɗaya take ɗauke miki, wato wanke cikin kwalba, sai kuma ta taimaka wajen fitar da iska. Sauran aikin tsafta yana nan daram. Wadda ta san haka tun farko, zaɓin ba zai yi mata wuya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma ban zo raba yaro da nono ba. Da mai tatsa saboda aiki ko karatu nake, da wadda likita ya ce ta haɗa da madara, da mai rainon jaririn da ba ita ta haifa ba, da uban da ke karɓar aikin dare. Da "ke" zan yi ta magana, amma maza su ma su saurara.

Mataki na farko: ki gane abin da ke faruwa a cikin kowace

Fidar da aka saba, wadda wasu ke kira bulumboti, abu huɗu ce: kwalba, kan roba, zoben da ke ɗaure kan, da murfi. Matsalarta ɗaya ce. Duk madarar da ta fita, dole iska ta shiga ta cike gurbinta. In babu mashiga, jariri zai yi ta zuƙa har kan robar ya lotse ya manne, ya gaji ya saki, ki ji wata 'yar ƙara tsiii, ki ga kumfa na gudu cikin madarar. Kumfar nan iska ce, kuma wani kasonta a cikin yaron zai ƙare. Shi ya sa kamfanoni suka yi ta dabaru. Philips Avent da Tommee Tippee sun sa ɗan mashigin iska a jikin kan robar. MAM ta huda gindin kwalbar ta shimfiɗa masa faifan silikon, wata irin roba mai laushi. Dr. Brown's kuwa siririn bututu ta zura, mai kai iskar can ƙarshen kwalba ba tare da ta ratsa madara ba. Duk suna taimakawa gwargwado, sai dai mai bututu da mai faifan gindi sun ƙara miki abin wanki.

Mai leda ta bi wata hanya daban. Abin da kike riƙewa ba kwalba ba ce, kwanso ne na roba mai tauri, a buɗe sama da ƙasa. Madarar tana cikin wata siririyar leda da ake zurawa a ciki, zobe ya danne bakinta tare da kan robar. Yaro na zuƙa ledar na motsewa tana bin madarar, don haka babu gurbin da iska za ta cike. Kamfanin Playtex na Amurka ne ya yaɗa wannan tsari tun shekarun 1960. Ledar tana zuwa a tsaftace daga masana'anta, yawanci mai cin mililita 120 ko 240, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a yar. Iri biyu ce. Akwai tsohon yayi, shimfiɗaɗɗiya, wadda sai kin buɗa bakinta kin naɗe shi a bakin kwanson. Akwai mai tsayayyen baki kamar ƙaramin kofi, jefa ta kawai ake yi. In za ki shiga harkar, ki nemi ta biyun. Ta farkon tana son hannu biyu da natsuwa, mai jego kuwa ba ta cika samun ko ɗaya ba.

Mataki na biyu: ki ɗauki biro ki yi lissafi

Sabon jariri yana ci sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. In duk cinsa ta fida ne, ki ɗauki mafi ƙaranci, sau 8. Leda 240 ke nan a wata. Ko da ya yi wayo cin ya sauko zuwa sau 5 ko 6, kafin ya cika shekara kin zubar da leda wajen dubu biyu. Kowace ɗaya kuɗi ce, kowace ɗaya kuma shara ce. Fidar da aka saba kuwa guda 6 zuwa 8 sun ishi mai ba da fida zalla, sau ɗaya za ki saya, sai dai kan robar da ake sauyawa duk wata 2 zuwa 3, ko da zarar ya yi danƙo, ya tsage, ko ya sauya launi. Wannan sauyin kuma yana kan mai leda ma.

In kuwa shayarwa kike yi, fida sau ɗaya ko biyu ce a rana lokacin da ba kya nan, to lissafin ya sauya. Leda 30 zuwa 60 a wata ba abin tashin hankali ba ne. Amma ki lura, wanke fida biyu a rana shi ma ba abin tashin hankali ba ne. A nan abin yake da ban dariya: wadda ledar za ta fi sauƙaƙa wa aiki, ita ce za ta fi jin ta a aljihu.

Akwai tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi. Inda kike zaune, za ki ci gaba da samun wannan ledar wata bayan wata har yaro ya bar fida? Fidar da aka saba ba ta dogara da kowa ba. Mai leda kuwa ranar da kwalin ya ƙare, kwanson ya zama abin wasan yara. Ledar wani kamfani ba lallai ta zauna daidai a kwanson wani ba, ledar ɗaure kaya ba ta maye gurbinta, kuma wanke ta a sake amfani da ita ganganci ne, domin siririya ce, maiƙon madara na laɓewa a lungunanta, ga shi ba ta jure tafasawa. In sai kin yi oda daga nesa kin jira makonni, ki yi tunani sau biyu.

Mataki na uku: ki duba wurin wankinki da idon gaskiya

Ga aikin fidar da aka saba bayan kowane ci. Ki warware ta gaba ɗaya, ki ɗauraye kowane ɓangare, ki wanke da ruwan zafi da sabulu a cikin kwanon da aka ware don kayan jariri kawai, da buroshin da ba ya taɓa komai sai su. Ki matsa ruwan sabulu ya fita ta hujin kan robar. Ki sake ɗauraye su, ki kife a kan tsabtataccen ƙyalle su bushe da kansu. Kada ki goge da tsumman kicin, abin da kika wanke ne zai mayar miki. Sannan kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a tafasa na minti 5, aƙalla sau ɗaya a rana in jaririn bai kai wata 2 ba, ko bakwaini ne, ko garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta fi tsanantawa: tafasa na minti 10, kuma a ci gaba har yaro ya cika wata 12. Akwai na'urar turara kayan, akwai kuma maganin da ake narkawa a ruwan sanyi a tsoma su na minti 30, a sauya ruwan duk sa'a 24.

Yanzu ki cire kwalba daga wannan jerin. Abin da ya rage shi ne aikin mai leda. Kan roba sai an wanke an tafasa. Zobe haka. Murfi haka. Kwanson ma yana son ɗauraya, don madara na ɗiga a jikinsa. Kuma, kamar yadda za ki gani a gaba, in madarar gari kike bayarwa, akwai mazubin haɗawa da shi ma sai an wanke an tafasa. Mutane da yawa suna sayen mai leda da tunanin sun yi bankwana da tukunya da buroshi, su wayi gari an gudu ba a tsira ba. Kan roba shi ne ke shiga bakin yaro, shi ne kuma ya fi lungu da saƙo.

Duk da haka ba zan rage mata daraja ba. Kwalbar ce ta fi cin ruwa da lokaci da wuri a tukunya. Kan roba takwas da zobe takwas za su shige ƙaramar tukunya guda, kwalba takwas kuwa sai babba ko zubi biyu. Mai tagwaye, mai fama da ƙarancin ruwa, wadda aka yi wa aiki ba ta iya doguwar tsayuwa, mai tafiya, duk za su ji bambancin a jikinsu.

Mataki na huɗu: me za ki zuba a ciki?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Madarar gari ta jarirai, ko da gwangwaninta a rufe yake gam, ba ta kuɓuta daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba. Akan sami Salmonela a ciki, ko wata mai suna Kuronobakta wadda ba ta cika aukuwa ba, amma in ta kama sabon jariri tana iya haddasa sanƙarau ko cutar jini. Saboda haka ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ta ce a haɗa garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba. A aikace, ki tafasa ruwa, ki bar shi ya ɗan huce na abin da bai wuce minti 30 ba, ki zuba ruwan tukuna, sannan garin, cokali a shafe ba a tule ba, adadin da gwangwanin ya faɗa. Ki rufe, ki girgiza, ki sanyaya ta hanyar tara jikin fidar a ruwan sanyi, ki ɗiga a cikin tsintsiyar hannunki. In kin ji ɗumi-ɗumi ba zafi ba, ta yi.

A fidar da aka saba duk wannan a cikin kwalba ɗaya ake yinsa. A mai leda kuwa ba haka ba, saboda dalili uku. Na ɗaya, siririyar leda ba a yi ta don ruwa mai wannan zafin ba. Na biyu, girgizawa da ƙarfi na iya sa bakinta ya zame ko gari ya dunƙule a kusurwar gindi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, awon da ke jikin kwanson kintace ne kawai. Leda ba ta da tsayayyiyar siffa, yau ta kumbura nan, gobe ta lanƙwashe can. Madarar jariri kuwa ba a haɗa ta da kintace. In ruwa ya yi yawa yaro bai samu abin da zai gina jikinsa ba, in gari ya yi yawa ƙodarsa ta wahala, cikinsa ya ɗaure. Don haka mai amfani da leda sai ta haɗa madarar a wani mazubi mai sahihin awo, ta sanyaya, sannan ta juye. Kin ga ashe kwalbar da kika gudu ta biyo ki ta bayan gida.

Sai dai wannan juyen yana da wani amfani da ba a zata ba. A 2020 masu bincike a Kwalejin Trinity da ke Dublin sun nuna cewa fidar roba irin wadda ta fi yawa a kasuwa tana sakin miliyoyin ƙananan ɓurɓushin roba a kowace lita in aka haɗa madara da ruwan zafi a cikinta, kuma yawan yana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Binciken bai ce a daina amfani da ruwan zafi ba, don hatsarin ƙwayoyin cuta sananne ne. Shawararsu ita ce a haɗa a mazubin da ba roba ba, a bari ta huce, sannan a juye. Wadda abin ya dama, ta nemi kofin awo na gilashi ko fidar gilashi, ko da wace iri take shayarwa.

In nononki kike tatsa, mai leda ta fi yi miki sauƙi, don babu haɗawa, babu ruwan digiri 70. Amma ki kiyaye abu guda: ledar fida ta sha ce, ba ta ajiya ba. CDC ta hana ajiye nono a cikinta ƙarara. Ki ajiye a kwalba mai murfi ko ledar da aka yi musamman don ajiyar nono. Sabon tatse yana kai sa'a 4 a ɗakin da ba shi da zafi, kwana 4 a firji, wata 6 a firiza. Lokacin ci ya yi, ki ɗumama shi a kwanon ruwan ɗumi, ki juya a hankali maiƙon da ya taso ya koma ciki, sannan ki zuba a ledar. Maiƙon nan kuwa yana manne wa jikin kowane mazubi, don haka duk juye ɗaya asara ce 'yar kaɗan. Mai tatsa kai tsaye cikin fidar da za ta shayar da ita ta tsallake wannan.

Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef kuwa babu ita a iri biyun. Tana dafa wani gefe ta bar wani da sanyi, ki taɓa ki ji lafiya lau, yaro ya ƙone baki. Leda kuma tana iya fashewa.

Ƙa'idar lokaci ma ɗaya ce. Madarar da aka haɗa, a sha ta cikin sa'a 2, ko a sa ta firji nan take a yi amfani da ita cikin sa'a 24. Da zarar bakin yaro ya taɓa, sa'a 1 ce ga madara, sa'a 2 ga nono, ragowar a zubar. Sabuwar leda ba ta ƙara wa madara ko minti ɗaya.

Mataki na biyar: batun iska da kukan ciwon ciki

Wasu masu komawa leda kukan da jariri ke yi da yamma ne ke kora su. Gaskiya ne tsarinta yana rage iskar da ke cakuɗuwa da madara, in dai an fitar da iskar da ke sama kafin a fara. Yaron da ke yawan gyatsa da kumburi bayan ci zai iya samun sauƙi. Amma kukan nan da likitoci ke aunawa da uku-uku, wato sa'a 3 a rana, kwana 3 a mako, har mako 3, yakan yi ƙamari wajen mako na 6, ya lafa da kansa a wata na 3 zuwa na 4, kuma yana kama har yaran da ba su taɓa ganin fida ba. Sau da yawa uwa takan sauya fida a daidai lokacin da kukan ke shirin tafiya, sai fidar ta kwashe yabo. Ni ma haka na yi ta yi wa ledar kirari, sai daga baya na tuna yayar yarona ma a daidai wannan watan ta yi shiru, da fidarta ta gama-gari.

Kafin ki zargi kwalba, ki duba riƙonki. Ki ɗan zaunar da yaron, kansa sama da cikinsa. Ki riƙe fidar kusan a kwance, iya yadda madara za ta cika kan robar. Ki bar shi ya ja kan da kansa maimakon ki cusa masa. Bayan 'yan zuƙe-zuƙe ki saukar da gindin fidar ya huta, a tsakiya ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Cin da aka yi a natse yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. A nan mai leda tana da fifiko na gaske: tunda babu iska a ciki, ko yaro a zaune yake ƙyam, ko fidar na kallon sama, madara za ta zo. Kada dai ki tokare fida da matashi ki tafi, kowace iri ce, yaro na iya ƙwarewa.

In kuka ya zo da zazzaɓi, musamman digiri 38 ga wanda bai kai wata 3 ba, ko koren amai, ko jini a kashi, ko ƙin ci, ko raguwar fitsari, wannan ba maganar fida ba ce. Asibiti za ki nufa.

Mataki na shida: ki bar mai shan ya yi magana

Jariri bai san kwalba ba, bai san leda ba. Kan roba ya sani. Wani na son mai faɗin gindi, wani siriri, wani ya tofar da duk wanda kika kawo sai ɗaya tilo. Fidar da aka saba tana da zaɓi iri-iri, mai leda kuwa kawunan da suka dace da zobenta kaɗan ne. In yaronki ya ƙi su, magana ta ƙare, ko da kin sayi leda kwali goma.

Don haka ki sayi ɗaya ko biyu na kowace, da kai mai saurin zuba mafi ƙanƙanta. Ki kifa ta ki gani: ɗis, ɗis ake so, ba tsiyaya ba. Ki gwada kowace na kwana uku zuwa huɗu, a lokacin da yaron bai galabaita da yunwa ba. In madara na zuba ta gefen baki, yana tari, yana zaro ido, hujin ya yi masa girma. In ya yi ta fama har ya yi gumi ya yi barci bai ci rabi ba, ya yi ƙanƙanta. Kan silikon fari ne garau, ba ya wari, ya fi ƙarko. Na robar itace, wato latex, launin ruwan ƙasa ne, ya fi laushi, amma yana saurin lalacewa, kuma wasu yara jikinsu ba ya karɓarsa.

In kin tsaya kan fidar da aka saba

Ki juya gindinta ki karanta. Lamba 5 ko haruffan PP roba ce marar sinadarin BPA da ake zargi da cutar da lafiya, mai sauƙi, amma tana dishewa ta karce, kuma da ta karce a sauya ta. Mai launin zuma da aka rubuta wa PPSU ta fi jure tafasa. Gilashi ba ya riƙe wari ba ya karcewa, sai nauyi da fargabar fashewa. Ki guji tsohuwar fida mai tauri garai-garai da aka rubuta wa PC, wadda aka gada daga yayye. Kanada da Tarayyar Turai da Amurka duk sun hana BPA a fidar jarirai tsakanin 2010 da 2012, tsofaffin da suka riga wannan hanin kuwa suna iya ɗauke da shi. Ki zaɓi mai faɗin baki, buroshi ya fi shiga, gari ma ba ya zubewa a gefe.

In kin tsaya kan mai leda

Ki wanke hannu da sabulu, ki bushe shi. Ki zaro leda ɗaya ta bakinta, kada yatsa ya shiga ciki, ki rufe kwalin. Ki jefa ta a kwanson, ki zagaya da yatsa ki tabbatar bakinta ya kwanta daidai ko'ina. Ki zuba madarar da ta riga ta huce, kada ki cika ta har baki. Ki ɗora kan robar cikin zobe ki murɗa ya kama, ba da ƙarfin tsiya ba, don matsewa fiye da kima na tattare bakin ledar ta yi yoyo. Sai ki tsayar da fidar kai na kallon sama, ki tura gindin ledar a hankali ta ƙasan kwanson har madara ta leƙo a hujin. Wannan turin shi ne dalilin sayen fidar gaba ɗaya. Wadda ta tsallake shi, iska ce yaronta zai fara sha.

Da tsokar yatsa ake turawa, ba da farce ba. Wani dare na tura da gaggawa, farcen babban yatsana ya huda ledar, na tsaya ina kallon nonon da na shafe minti arba'in ina tatsa yana bin hannuna har gwiwar hannu yana ɗiga a ƙasa, yaro na ihu a gado. Ban san lokacin da na zauna a wurin na taya shi ba. Washegari na yanke farce.

Ki kuma koya wa duk wanda zai karɓe ki. Maigidana, ranar farko da na bar masa aikin, ya ɗauko kwanso ya tsiyaya madara ba leda. Ta sama ta shiga, ta ƙasa ta fita, a kan ƙafarsa ta sauka. In za ki kai yaro gidan raino, ki tambaya ko sun saba da irinta, don wasu sun fi son a kawo fida a haɗe da sunan yaro a jiki.

Da an gama ci, ki zare ledar ki jefa a kwandon shara mai murfi. Leda ce, kuma yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa. In ya kai watannin da yake riƙe fida da kansa, ki sa ido, yatsunsa na iya shiga ta ƙasan kwanson ya matse ledar madara ta feso masa, ko ya ja ta. Wannan ne ya sa na daina amfani da ita kullum. A wata na huɗu hannun yarona ya gano ramin nan, ga kukan yamma ya wuce, ga kwalin leda na ƙarewa duk bayan 'yan kwanaki.

Ba dole ba ne ki auri ɗaya. Daga baya abin da na zauna a kai shi ne fidar da aka saba a gida, mai leda kuma a jakar fita. Ko da kin zaɓi leda zalla, ki ajiye fida biyu na gama-gari waɗanda yaron ya riga ya yarda da kansu, saboda ranar da kwali zai ƙare da tsakar dare. In tafiyar yini ce, ki ƙirga sau nawa zai ci, ki ɗauki leda adadin haka ki ƙara uku, da tafasasshen kan roba da zobe ɗaya-ɗaya ga kowane ci a cikin mazubi mai murfi, da wata jaka daban ta zuba waɗanda aka yi amfani da su. Ruwan zafin a filas, garin a gwangwaninsa ko a aune a busasshen mazubi, ki haɗa a mazubin awo lokacin da yaro ya nema.